Abin da Ke Kwance a Kwanar Kogi

Shafi na 14

Masu turo min saƙo wai in sassauta wa Auta, ku yi haƙuri. Ba ni na ɗora mata ba, kuma ba zan lanƙwasa mata wuya don ranku ya yi sanyi ba.

*

"Ba zan taɓa shi ba, ranka ya daɗe."

Manaja ya ɗago kai daga wayarsa a hankali, kamar wanda ya ji kujera ta yi magana.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan sauya layin ba."

Tsaye take a gaban teburinsa, kwamfutarta a buɗe tsakaninsu. A ofis Injiniya ake ce mata, a gida kuwa Auta, kuma a duka wuraren biyu an san ba ta iya sunkuyar da kai ba.

A fuskar kwamfutar kogin ne kwance, an ja masa layuka kusa da kusa kamar kunyoyin gona. Wani ɗan ɗigo ja na rarrafe a kan ɗaya daga ciki. Jirgin awo ke nan, wanda ya fita tun da safe yana auna zurfin ruwa, don tun da aka rufe gada hukuma ta ce za a buɗe hanyar jirgin fito, kuma ba za a ɗora mutane a kai ba sai an san abin da ke ƙasa.

Layukan nan Auta ce ta haife su. Watanni ta yi tana gina manhajar da ke zana su. Sai ta ba manhajar faɗin kogi, da gudun ruwa, da man da jirgi ke sha duk sanda ya juya, ita kuma ta gwada hanyoyi dubbai ta zaɓo mafi gajarta. Sharaɗi ɗaya Auta ta kafa mata wanda ba ya motsi: kada a bar ko taku ɗaya na ƙasan ruwa ba a gani ba.

Manaja ya ajiye wayar.

"Zauna, 'yata."

"Tsayuwar ta ishe ni."

"To tsaya. Ni ban ce ki goge komai ba. Wannan abin naki, ba kin ce duk inda kika gaya masa akwai haɗari yana kaucewa da kansa ba? Dutse, tudun yashi, ragar masunta?"

"Haka ne."

Ya miƙo yatsa ya ɗora a kan kwanar kogin, inda ruwan ke karyawa kafin ya miƙe.

"To ki gaya masa akwai raga a nan."

"Babu raga a nan. Na tambaya kafin in zana."

"Na'ura za ta je ta duba ne?"

Ta kalli yatsan nasa. Farcen a gyare yake tsaf.

"Idan jirgin ya kauce, za a bar rami a taswira," ta ce. "Da me zan cike shi?"

"Da lissafi mana. Dama zurfi kaza, hagu zurfi kaza, tsakiya ma ai ba za ta canza hali ba. Ana yi."

"Ana yi a inda ba kowa zai bi ba. Nan tsakiyar hanyar fito ce. Mata 'yan kasuwa za su bi, 'yan makaranta za su bi."

"Kin ga matsalarku ke nan, ku masu sabon karatu. Komai sai kun sa masa hawaye." Ya yi 'yar dariya. "Wa zai ce ke ce? Layin zai fito da kyau, ya zagaye wurin sumul. Duk wanda ya tambaya, na'ura ce ta zaɓi hanya. Ai daɗin abin naki ke nan, ba shi da fuska balle a mare shi."

"Yana da fuska. Sunana ne a ƙasan taswirar."

Abin da ya ɗaure masa hannu ta san shi sarai. Akwai jami'ar hukuma a cikin jirgin tana kallon aikin, ba zai iya kiran Kyaftin, matuƙin jirgin, ya ce a juyo haka kawai ba. Amma a aika gyaran layi daga ofis jirgi yana kan ruwa, wannan kullum ana yi, ba mai tambayar dalili. Sai dai gyaran ba ya shiga sai da lambar sirrin injiniyar da hukuma ta sani, kuma lambar a kanta take.

"Me ke ƙasan kwanar nan?" ta tambaya.

Ya jingina da kujera ya ƙare mata kallo, daga ɗankwali har takalmi.

"Ya jikin yayanki?"



"Da sauƙi."

"Har yanzu ƙirjin ne? Allah sarki. Matuƙi irinsa, a ce ya zauna a ɗaki." Ya tura mata kwamfutar da bayan hannu. "Ɗauki abinki ki je gida. Ki nuna masa wurin nan, ki yi masa tambayar da kika yi min. Na ga manhajarki ta ajiye kwanar sai ƙarshe, ba za su kai ba sai rana ta yi sanyi. Kina da lokaci."

"Idan ban sauya ba fa?"

"Sai ki huta da zuwa. Kuma ki sani, masu jirgin awo a ƙasar nan ba su da yawa, duk muna gaisawa."

Ta rufe kwamfutar. Ba ta yi masa sallama ba.

A bakin ƙofar kamfanin wata tsohuwa na zaune a kan kwalinta, inda take zama kullum. Ɗanta lebura ne a jirgin yashi na kamfanin, don mai wurin yana awo, yana kuma haƙar yashi. Tun daminar bara bai koma gida ba. Kamfani ya ce an sayar da jirgin, shi kuma yaron ya bi wani abokin aikinsa sun tafi neman duniya. Tsohuwar ba ta faɗa da kowa. Duk wanda ya fito sai ta ɗago.

"'Yar nan, ko an ji wani abu?"

"Ba a ji ba, Iya."

"To. Allah ya yi miki albarka."

*

Gidansu a hawa na biyu yake, ɗaki biyu da falo. Tun daga matakala Auta ta jiyo ƙarar keken ɗinkin matar Yaya.

"A'a! Ƙanwar miji uwar iyayi, da rana tsaka?" Matar Yaya ta ɗaga ƙafa daga keken, tana gyara zaman cikinta da ya tsufa. "Ko an gane ba ki iya komai ba an koro mana ke?"

"Saura kaɗan, Anti. Ina Yaya?"

"Ina kuwa zai je."

Mama na zaune a tabarma tana tsince shinkafa a faranti. Ta dubi fuskar Auta sau ɗaya, hannunta ya tsaya.

"Lafiya?"

"Yaya nake son gani."

Ya fito da kansa, ya yaye labule yana ƙifta ido kamar hasken falon ya yi masa yawa. Mutumin da a da in ya yi dariya maƙwabta ke buga bango, yanzu riga ke rataye a kafaɗarsa. Shekara guda ke nan bai je bakin ruwa ba. Ko wanka da kofi yake yi, kaɗan kaɗan, ba ya yarda ruwa ya rufe masa fuska. An ce wa Auta ciwon ƙirji ne, ita kuma ta yarda, har tana sayo masa zuma.

"Autar Mama," ya ce. "An tashi da wuri."

Ta ajiye kwamfutar a kan teburin ɗinki, ta ture yadin da ke kai, ta buɗe. Jan ɗigon ya ci fiye da rabin kogin.

"Yaya, zo ka gani. Me ke nan wurin?"

Ya matso. Ya kalli inda yatsanta yake.

Ba ta taɓa ganin jini ya bar fuskar mutum haka ba. Ya laluba bayansa ya samu hannun kujera, ya zauna a kai.

"Rufe abin nan," in ji Mama.

Auta ta juya.

"Na ce ki rufe shi!"

"Mama, ke ma kin sani?"

Fanka na ta juyawa a sama tana kaɗa zaren da ke rataye a keken.

"Kowa ya sani a gidan nan sai ni?"

"To me za a gaya miki?" Matar Yaya ce, muryarta ta canza, wasan duk ya fita. "Ke da ba a gaya miki magana ki haɗiye? Kina son ji? Zauna ki ji."

"Ke, bari," Yaya ya ce a hankali.

"Ba zan bari ba, na gaji da bari. Sun loda masa yashi har ruwa na lasar bakin jirgi. Ya ce ya yi yawa, suka ce ko ya tuƙa ko ya ajiye makulli. Ya tuƙa. Hadari ya taso musu a kwanar nan, ruwa ya fara shiga. Ya ce wa yaran nan biyu su sauka ciki su kwashe." Ta dubi mijinta. "Suna ciki jirgin ya kife. Shi ya fito. Su ba su fito ba."

Matar Yaya ta ci gaba.

"Kafin ya bushe mutanen kamfani sun iso gidan nan. A nan suka zauna, inda kike tsaye. Suka ce in ya buɗe baki, shi ne matuƙi, shi ya tura su ciki, a kansa za ta ƙare. Su za su ce ba su san ya yi lodin ba. In ya yi shiru, kowa ya yi shiru."

"Suna can har yanzu?" Auta ta ce. "Yaran?"

Yaya ya sa fuskarsa cikin tafin hannu.

"Tsohuwar nan ta ƙofar kamfani, kullum ina gaishe ta," Auta ta ce, kamar da kanta take. "Kullum sai ta tambaye ni, in ce ba a ji ba. Har albarka take sa min."

Mama ta ajiye farantin.

"Manajanku ya kira ni ɗazu. Ya ce abu kaɗan ne, ki danna kawai jirgin ya zagaye. Ya ce ba wanda zai sani."

"Har ke ya kira."

"Ya kyauta da ya kira. Auta, dube ni. Waɗanda suka tafi sun tafi, Allah ya ji ƙansu. Tono su ba zai tashe su ba. Wannan kuwa yana da rai, ga shi a gabanki."

"Ita ma tsohuwar uwa ce, Mama."

"Kada ki koya min uwa! Ni na san abin da na kwana da shi shekara guda ina miki dariya don ki yi aikinki da kwanciyar rai."

Auta ta durƙusa a gaban yayanta, ta janye hannunsa daga fuska.

"Yaya, tambaya ɗaya. Kai ka san jirgin, ka san wurin. Jirgin fito zai wuce ta kansa lafiya?"

Ya dubi ƙasa.

"Da damina zai wuce."

"Da rani fa? In ruwa ya janye?"

Ya kau da kai.

"Yaya."

"A gefensa ya kwanta," ya ce da ƙyar. "Ƙarfen ɗaga yashin yana sama."

"Jirgin fito cike da mutane, cikinsa ya nutse a ruwa. Zai wuce?"

"Ban sani ba, Auta."

"Ka sani."



"To a gaya musu su canza hanyar fiton mana," in ji matar Yaya da sauri. "Ke ba injiniya ba ce? Ki ce can gefe ya fi."

"Gefen tudun yashi ne, ba ya ɗaukar jirgi. Kuma in na ce su kauce, za su ce don me."

"Ki ce na'ura ce ta ce!"

"Ita ma na'urar za su tambaye ni me na gaya mata."

Ta koma ta tsaya gaban kwamfutar. Kanta na ta aikin da ya saba, yana jera hanya yana rushewa. A kira hukuma a ɓoye? Za su aiko masu nutso, a kan Yaya za ta ƙare. A bari sai bayan an buɗe hanya? Wa ya san ranar da ƙarfen zai samu cikin jirgi. Ta juya abin ta ko'ina, duk hanyar da ta tsallake yayanta sai ta bi ta kan wasu mutane da ba ta san fuskarsu ba.

Jan ɗigon ya gama layin da yake kai, ya juya. Kwanar ce a gabansa.

"Wa ya bar makaranta don ke ki yi?" Muryar Mama ta yi ƙasa, abin da ya fi tsawa ciwo. "Yana yaro ya shiga ruwa, sanyi da zafi, don a ce yau ga Injiniya a gidanmu. Karatun da ya ɗora ki a kai, shi za ki ɗauka ki soke shi da shi?"

"Mama, ki bar ta," in ji Yaya.

"Kai rufe min baki, ba ka da hankalin kanka yanzu."

"Ki duba cikin nan," matar Yaya ta ce tana kuka. "Ko ba don shi ba. So kike a haife shi a ce ubansa na kurkuku, kuma gwaggonsa ce ta kai shi?"

Wayar Auta ta yi ƙara.

Kyaftin ne, matuƙin jirgin awo. Ta ɗauka, ta danna abin da ya sa kowa ke ji. Ƙarar inji da iska suka cika falon.

"Injiniya, kina ji na? Manaja ya kira ya ce sabon layi na zuwa, wai akwai raga a gaba. Na rage gudu, amma ni ban ga raga ba. Ga jami'a nan tana tambaya me muke jira. Mu jira ne, ko mu bi na hannunmu?"

Sai Mama ta yi abin da Auta ba ta taɓa zaton idonta zai gani ba. Ta taso daga tabarma, ta zo gabanta, ta sa gwiwoyinta biyu a ƙasa. Ta kama bakin zanen 'yarta.

"Mama, don Allah tashi."

"Ba zan tashi ba. Ban taɓa roƙon ki komai ba. Yau ina roƙo."

"Injiniya?" in ji Kyaftin. "Ruwa na jan mu gefe, ba zan iya tsayawa haka ba."

Auta ta dubi Yaya. Shi kaɗai ne ba ya kallon ta. Idonsa na kan jan ɗigon, kuma ba ta iya gane ko tsoro ne a fuskarsa ko gajiya ba.

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Babu raga, Kyaftin," ta ce. "Ku bi layin da ke hannunku. Kada ku tsallake ko ɗaya."

"To, shi ke nan."

Injin ya ɗaga murya.

Matar Yaya ta ɗora hannu a ka ta fasa ihu. Yaya ya miƙe, ya shiga ɗaki, labulen ya faɗi a bayansa.

Mama ta saki zanen. Ta dafa teburin ta tashi da kanta, da Auta ta miƙa hannu ta taimaka mata sai ta kauce kamar wuta ce. Ba ta yi kuka ba. Ta rufe kwamfutar, ta ɗora mata a hannu, ta je ta buɗe ƙofar falo ta riƙe.

"Fita."

"Mama..."

"'Ya'ya biyu na haifa. Ɗaya kin ba da shi yanzu a gabana. Ɗayar kuwa ban san ta ba. Ko gawata aka fito da ita ta matakalar nan, ban yarda ki taɓa ba."

Auta ta fita. Ƙofar ta rufu, ta ji an murza makulli.

Ta tsaya a kan matakala da kwamfuta a ƙirji, ko takalmi ba ta samu sakawa ba. Da safe ta fito tana da aiki, tana da uwa, tana da ɗakin kwana. Yanzu ba ko ɗaya, kuma yayan da ya goya ta a bayansa, layin da ta zana da hannunta ne zai kai shi gaban alƙali. Ta san ba ta yi kuskure ba, amma sanin bai rage mata komai ba.

Sai ta lura wayar ba ta katse ba.

"Subhanallahi," ta ji Kyaftin ya ce, ba da ita yake ba. Injin ya yi ƙasa. Wata muryar mace ta ce a koma baya, a sake bi ta kai.

"Injiniya! Kina nan? Akwai abu a ƙasa. Babba ne, ga shi ya fito a allo ƙarara. Jirgi ne, wallahi jirgi ne a kwance."

Ta jingina da bango.

"Jami'a ta ce fasalinsa irin na jiragen yashin kamfaninmu ne. Ga ta, ta ce in ba ta ke."

Aka yi ƙarar miƙa waya daga hannu zuwa hannu.

"Injiniya," in ji muryar macen, a nutse. "Ke kika zana layin nan, kuma na ji sanda aka so a kauce. Tambaya ɗaya zan yi miki. Kin san wanda ya tuƙa jirgin nan?"